Abin da Tutong Ya Ɗauka

Ranar Talatar da fitsarin Mang Dencio ya dawo, ranar ce na muzurunsa ya tsaya.

Matarsa Aling Purita ce ta fara gani, don ita ke zubar da fo. Wata huɗu ke nan tun da ƙodarsa ta gaza, ƙafafunsa suka kumbura har silifas ba ya shiga, abin da yake yi a yini bai cika kofin shayi ba. Sai ga shi wannan safiyar fo ya kusa rabi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana dakon kifi a tashar jiragen ruwa ta Navotas, yau shi ake wa murna ya yi fitsari. Har ya nemi kunun shinkafa da busasshen kifi. Ta ce kifi kam likita ya hana, ya ce ai ba likitan ne zai ci ba.

Da ta fita bayan gida ta tarar da muzurun, Tutong, tsugune a kan tarin yashi. Sunansa ke nan saboda launinsa na ƙanzon shinkafa, ma'anar kalmar ke nan a yarensu. Ya tsuguna, ya yi nishi, ya tashi, ya sake tsugunawa, ko ɗigo babu. Kafin washegari ya daina cin abinci, ya shige ƙarƙashin benci yana wani kuka siriri wanda ba ta taɓa jin irinsa ba.

Maƙwabciyarta Aling Chayong, wadda ta riƙe mata 'ya ranar baftisma, ta leƙa ƙarƙashin bencin, ta leƙa ɗakin mai jinya, sannan ta ja ta gefe.

"Mare, aminiyata, kada ki kuskura ki taɓa shi. Tare wa mijinki ya yi."

"Ke dai ba kya rasa magana."

"Magana? Ciwo iri ɗaya, rana ɗaya, ki ce magana? Yayana fa, an gama fid da rai da shi a asibiti, karensa ya faɗi a ƙofar gida ya mutu. Ga shi can yana tuƙa mota har yau. Ki bar dabba ta gama aikinta."

Ba sabon zance ba ne ga Purita. Kowa a layin ya san idan dabbar gida ta kwanta farat ɗaya alhali akwai majinyaci, to abin da ya nufo mutum ne ta tare. Kuma gaskiya ita ba ta taɓa son muzurun nan ba, ɓarawon kifi ne mai kwana a kan wanki. Don haka ta bar shi. Ta yi yinin Laraba tana wanki tana jin kukan, tana ƙara ƙarar rediyo, kunyar kanta na cin ta.

Alhamis da safe Dencio ya kira ta.

"Purita, kai shi asibitin nan na bayan kasuwa."

"Kai ka ji da kanka mana."

"Na ce ki kai shi. Kwana biyu ina jin sa."

Wata ƙungiyar masu tausayin dabbobi ce ta buɗe wurin. Idan abin gaggawa ne suna yi kyauta, muddin ka zo da takarda daga ofishin unguwa mai shaida cewa kai talaka ne. Talaucin ma sai da hatimi ake yarda da shi. Purita na da tata tun lokacin da ta bi layin wankin ƙoda. Ta sa Tutong a kwandon cefane, ta rufe da tsohon tawul. Chayong na tsaye a ƙofarta, ta yi alamar gicciye.

Likitar, Doktora Lumibao, yarinya ce da ba ta kai 'yar Purita ba. Ta latsa cikin muzurun sau ɗaya, fuskarta ta canza.

"Nanay," ta ce, wato Mama, "mafitsararsa ta yi tauri kamar dutse. Me ya sa kika bari har yau? Gobe war haka da babu shi. Sa min hannu a nan, yanzu zan sa masa robar fitsari."

Purita ta riƙe biro, ta kasa rubutawa.

"Doktora, idan kika fitar da abin da ke cikinsa, ina zai koma?"

"Cikin wannan kwanon, Nanay."

"Mijina na gida, ƙoda ce. Shekaranjiya ya samu sauƙi, ranar da wannan ya kwanta."

Likitar ta ajiye almakashin da ke hannunta. Da gani ba yau ta fara jin irin wannan ba.

"Kakata ma haka take cewa. Amma tsakuwa ce ta toshe masa hanya, Nanay, irin ta muzurun da ke cin kifi mai gishiri ba ya shan ruwa. A satin nan shi ne na huɗu. Ba zan tilasta miki ba, sai dai ki sani mutuwar tana da zafi."

Tutong ya ɗago kai daga tebur ya yi kukan nan. Purita ta sa hannu. Tana tsaye aka yi masa allurar barci, aka zura siririyar roba, jan fitsari ya fara zuba a kwanon silba. Mai taimaka wa likitar ta ce an gode Allah. Ita kuwa Purita tsoro ne ya kama ta, don gani take kowane ɗigo gidanta ya nufa.

Aka ce zai kwana uku a wurin. Ta komo da kwando ba komai, ta sami Dencio a zaune ya jingina da bango.

"Zai tashi?"

"In ji likita."

Sai ya ce, "Ni na roƙe shi, Purita. Ranar Litinin, kina wurin famfo, yana kwance a kan cikina. Na ce masa, kai da aka ce ranka tara ne, ara min ɗaya mana. Wasa nake yi. Ko kuma ba wasa ba ne, ban sani ba."

"Shi ne ka bari na kai shi, ba ka faɗa min ba?"

"Da na faɗa miki za ki kai shi?"

Su biyun sun san amsar.

Ranar Asabar fo ya koma kamar da. A asibitin mutane suka ce haka ciwon yake, yau ya sassauta gobe ya dawo, ba abin mamaki. Purita ta ce to. Chayong kuwa ta daina haɗa ido da ita a wurin famfo.

Lahadi bayan coci ta ɗauko Tutong, an aske masa ƙafa ɗaya, ya rame, amma idonsa tar. Tana buɗe kwandon ya yi tsalle ya haye gado, ya nufi cikin Dencio. Dencio ya sa kumburarren hannunsa ya ture shi ƙasa. Ya sake hawa, ya sake ture shi.

"Fitar da shi. Daga yau kada ya ƙara shigo min ɗaki. Abin da ya ɗaukar min ya isa."

Yana faɗa yana kuka. Ta fitar da muzurun ta ja ƙofar katakon ta sa sakata.

Tun ranar, kullum da azahar idan Dencio ya yi barci, numfashinsa na fita da ƙyar, Tutong yakan zo ya zauna a bakin ƙofar yana ƙarzar katakon a hankali, ba ya gajiya. Purita takan bar wankinta ta zo ta tsaya a kansa. Ba wanda zai sani idan ta buɗe masa. Takan ɗora hannu a kan sakatar, muzurun ya daina ƙarza, ya ɗago yana kallonta yana jira.