Abin da Ke Bayan Tamfol

Ni fa ba a yi mini wayo. Shekara ashirin ina aski, tun daga madubi nake gane fuskar maƙaryaci. Shi ya sa ranar da Tela ya faɗo shagona yana haki, wai an ga sabon zanen Bahago a bangon garejin bayan kasuwa, na ajiye almakashi. Bahagon da ya rasu wata takwas? Haba!

Bahago mai zanen bango ne, mu kuwa masoyansa, mu goma sha huɗu. Duk Asabar a shagona muke haɗuwa, don zanensa mafi kyau a bangona yake: wata mace tana shanya, iska na kaɗa kayan. Da bangon nan na zama shugaba, ba da ilimi ba.

Muka je garejin. Layukan sun karkata hagu sak irin nasa, ga shuɗin nan da babu mai iya haɗawa sai shi. Na taɓa, fenti ya biyo yatsana. Raina ya ɓaci. Wato wani ke fakewa da sunan mamaci!

Na shiga zargin kowa. Tela, saboda rawar kansa. Malamin makarantar da ke cikinmu, don ya taɓa cewa zane koyo ne, ba baiwa ba. Har rigar ƙanina sai da na shinshina. Da na titsiye mai garejin, ya ce shi dai an rufe bangon da tamfol kwana biyu, bai leƙa ba. Sai na tuna. Haka Bahago ke aiki: ba a kallonsa, 'yarsa kaɗai ke shiga da gwangwanayen fenti.

Na nufi gidansu. 'Yar ce ta buɗe ƙofa, da shuɗi a ƙarƙashin farcenta na hagu.

"Ke ce?"

"Ni ce, Kawu."

"Ba ki ji kunya ba? Kwaikwayon mahaifinki, ƙasa ba ta gama rufe masa ido ba?"

Ta dube ni ba fushi. "Kawu, shekara tara hannun Baba na rawa. Ko cokali ni nake riƙe masa. A kan bokiti yake zama yana nuna mini inda na kuskure."

Bangona shekararsa shida.

"Matar da ke shanya fa?" na ce.

"Innata ce. Ya ce na ɓata kafaɗar, amma sai da ya yi kuka."

Wallahi kunya ta kama ni. Shekara shida yarinyar nan na wucewa ta ƙofar shagona, ko kujera ban taɓa miƙa mata ba.

Ranar Asabar suka cika shagon, Tela na gaba.

"Shugaba, ka kama ɓarawon?"

Na ce ya tashi daga kujerar da ke ƙarƙashin zanen. Mai zanen tana hanya.