Muryar Maijidda a Cikin Kwamfuta

Tun da Maijidda ta rasu, abin da ya rage wa mijinta Malam Mika'ilu na muryarta yana cikin kwamfutar 'yarsu Fadima, mai karatu a Bici. Da waya aka naɗi muryar, wayar kuwa tuni ta faɗa rijiya.

Sai aka ce a makaranta kowa ya ƙara sabon tsari a kwamfutarsa, gefe da tsohon. Da Fadima ta zo gida, ta ƙara. Da ta kunna, allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗigo fari yana ta ƙiftawa.

"Baba, komai yana nan," in ji ta. "Ƙofar shiga ce sabon ya toshe. Bari in aro abin gyara wajen ƙawata."

Ta tafi. Shi kuwa ya zauna gindin ɗorawa a bakin gona, gero ya kai kafaɗa, iska tana kaɗa shi kamar ruwa. Gyangyaɗi ya ɗebe shi. Ya ga Maijidda a wani ɗaki marar ƙofa, tana tankaɗe, bakinta yana motsi, shi ko ba ya jin komai. Da ya farka bai shawarci kowa ba. Ya naɗe kwamfutar a zane, ya hau motar Tsanyawa, don ranar kasuwa ce.

A kasuwar ya nufi rumfar Ɗanliti mai gyaran waya, wanda magani ɗaya ya sani. Duk abin da aka kawo masa, ya wanke shi tas, ya zuba sabo.

"Baba, wannan ai ba aiki ba ne. Fomat zan yi mata, ta dawo kamar yau aka saya."

Mika'ilu ya yi yawon duniya, ya ga yadda masu gyara ke sauƙaƙa magana.

"Abin da ke ciki fa?"

"Ai shi ne ciwon. Duk zai tafi."

"Ɗage yatsanka. Matata tana ciki."

"Matarka kuma? Kai jama'a, Hajiya ta shige kwamfuta!"

'Yan rumfa suka kwashe da dariya. Mika'ilu ya janye kayarsa, ya ari wayar Ɗanlitin ya kira Fadima.

"Baba! Wa ya aike ka? Kada ka bari ya taɓa, ko da zama a kanta ne ka yi!"

A cinya ya riƙe ta har la'asar, kasuwa tana wucewa ta gabansa kamar a mafarki. Sai ga Fadima a kan babur, mayafi a karkace. Ta soka ɗan filashi, abin gyaran da ta aro, ta tayar da kwamfutar ta cikinsa, ta yi 'yan rubuce-rubuce tana cije leɓe, sannan ta kashe ta sake kunnawa. Layi biyu suka fito, sabo a sama, tsoho a ƙasa. Ta zaɓi na ƙasa, ta lalubo muryar, ta kunna.

"Malam, za ka ɗaure akuyar nan ko kuwa? Ta gama da waken mutane!"

Ɗanliti ya miƙa hannu ya kashe rediyonsa. Mika'ilu ya lumshe ido.

"Yanzu zan ɗaure," ya ce a hankali.