Ledar da Gide Ya Bari

Gide ƙanin mijina ne. Tun da ya yi wata huɗu a wani shagon gyaran waya a Kaduna ya dawo Faskari, kunnenmu bai ƙara hutawa ba. Injiniya yake kiran kansa. Babur ɗinsa ya shekara biyu, amma har yau ledar kanti na nan a kan kujerar, ta yayyage tana reto, wai don a san sabo ya saya.

Ni kuwa shagon buga takardu gare ni a bakin tasha, da kwamfutar tebur ɗaya, tsohuwa, mai nawa, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. A cikinta littafin Malam Tanimu yake. Tsohon malamin firamare ne daga Ruwan Godiya, ya haura tamanin, ido ya tafi. Shekara biyu ana kawo shi duk Laraba, ya zauna a benci yana faɗo tarihin gidajen garinsu da ka, wa ya haifi wa, wa ya fara saran wane daji, ni ina bugawa. Shafi ɗari da sittin da uku. Ya ce kar a fitar a takarda sai ya kammala. Ban kwafe a filash, ɗan abin ajiyar nan, ba, wannan kam laifina ne, ban kuma yafe wa kaina ba.

Ran wata Juma'a sai ga Gide da kwali a hammata.

"Matar Yaya, wannan akwalar taki ta gaji. Na kawo maki sabuwar firosesa da ram da hwanka. Yau za ki ga gudu."

Na ƙi. Mijina ya sa baki, wai a ba yaro dama. Yaro mai gemu!

Ya kwance kwamfutar, ya ɗaura mata sababbin kayan cikin, ya kunna yana murmushi. Ta tashi lafiya, ta yi minti biyu, sai ɗif. Ya sake kunnawa, allon ya yi shuɗi da rubutu, ta mutu. Karo na uku ko tashi ba ta yi ba sai da ta huta.

Kwana uku ana abu ɗaya. Ya ce janaretona ne, aka jawo wuta daga solar maƙwabcina, ba ta sake zani ba. Ya zare ram ɗin, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya sa tsohon ram ɗin. Ya ce wayar wuta ce, aka canza waya. Da ya rasa wanda zai ɗora wa laifi sai ya ce bairos ne, dole a yi mata fomat, wato a shafe duk abin da ke ciki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wallahi.

"Gide, kwance duk abin da ka ga dama, amma kar ka kuskura ka shahe mani komi. Littahin Malam na ciki."

"Haba Matar Yaya, ni za ki koya ma aiki?"

Ran Litinin na tafi suna garin Sabuwa. Da la'asar na dawo na tarar da shi ya karɓi makulli wajen yayansa, ya yi tagumi gaban baƙin allo. Ya shafe ta tas, ya fara ɗora sabon windo, manhajar da kwamfuta ke aiki da ita, ta mutu a tsakiya kamar kullum.

Na ture shi na leƙa cikin akwatin kwamfutar da kaina. Ƙarfen da ke ƙarƙashin sabuwar fankar, wanda ke zama a kan firosesa yana janye mata zafi, sai na ga ɗan kunnen leda ya leƙo ta gefensa. Na kwance na ɗaga. Ledar kamfani ce manne a jiki, ta yamutse saboda zafi, ga jan rubutu ɓaro-ɓaro cewa a cire kafin a ɗaura. Zafi ne ke kashe ta, shi ke nan.

"Ba ka ga wannan ba?"

"Na gani mana. Da gangan na bari. Yo wa ke cire ma sabon abu leda?"

Na ɓare ta, na mayar da fankar. Kwamfuta ta tashi, na ƙarasa ɗora windon, ba ta ƙara mutuwa ba. Washegari na kai ta Funtuwa ko za a ceto littafin, masu gyara suka ce sabon windon ya hau kansa.

Laraba aka kawo Malam Tanimu. Na durƙusa na gaya masa ina kuka. Ya shafa sandarsa.

"To, Allah shi sa haka ya hi alheri. Buɗe sabon shahi, ɗiyata. Mu koma hwarko."

Na buɗe, nan take shafin ya fito, ba jira.

"Wanda ya hwara saran dajin gabas, sunanshi..." Ya tsaya. Leɓɓansa na motsi, ba abin da ya fito. Can ya juyo da fuska wajena.

"Larai, wancan karon da na hwaɗa maki, mi na ce sunanshi?"

Ni ma ban tuna ba.