Agwagwar Joytun Bibi

Joytun Bibi ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san in an ƙaryata mutum.

Da farkon damina wata yarinya, Shefali, ta zo daga ofishin masu binciken abinci da takardar tambayoyi. Sau nawa kike cin nama a wata? Ƙwai fa? Joytun ta faɗa mata gaskiya: nama sai Babbar Sallah, kullum shinkafa ce da ruwan miyar waken da suke kira dal, da barkono.

Bayan sati uku Shefali ta dawo da sikeli. Wai za ta wuni tana auna abincin gidan har kwana uku, a gwada da amsoshin, a ga ko tambayoyin suna kamo gaskiya. To wa zai ajiye baƙuwa a bakin murhu tun safe, ya ɗora gayan shinkafa a gabanta? Joytun ta yanka agwagwarta ɗaya tilo. Washegari ta soya ƙwan da kazarta za ta kwanta a kai. Duk sikeli ya ɗauka.

Sai aka ware takardar Joytun, wai baki da sikeli sun saɓa. Maganar ta kuɓuce wa Shefali a bakin famfo, maƙwabciyar Joytun, Fuljan, ta cafe.

"Sannu, mai nama sai Sallah! Ashe da agwagwa ake karya kumallo?"

Joytun ta yafa mayafi, ta taka har ofishin, ta tsaya a kan Dakta Tahmina, shugabar aikin.

"Ke ce kika ce na yi ƙarya?"

Dakta ta kira ta da Khala, wato inna. "Khala, zauna mana. Ba wanda ya ce ƙarya. Lissafin ne bai zo ɗaya ba."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kun turo mini baƙuwa, na yanka mata abin da nake da shi, kun rubuta cewa haka nake ci. A gidanku ba a karɓar baƙo ne?"

Dakta ta jawo sauran takardun tana buɗewa. Gida arba'in, talatin da ɗaya an yi yanka a ranar farko ta awo. Har gidan Fuljan.

"Khala, amsarki daidai ce. Awon namu ne ya ɓaci, sai mun sake."

"Ba ni za ki faɗa wa ba. A bakin famfo aka ci mutuncina, can za ki wanke ni."

Ranar Alhamis Dakta ta zo bakin famfo, ta faɗa a gaban mata, har da zakaran da Fuljan ta yanka. Fuljan ta sunkuya tana gyara tulu.

Da azahar Dakta ta biyo Joytun gida. Joytun ta daɗe tana kallon kazarta a tsakar gida. Sannan ta zubo shinkafa da dal, ta ɗora barkono biyu a gefe, ta tura mata kwanon.

"Ci. In kin gama ki rubuta."