Yatsan Zuwaira

Sifili uku a jere 'yata Zuwaira ta kawo mini a darasin Ingilishi, haɗe da takarda daga malamarsu, Madam Blandine: in ba ta gyara ba kafin Juma'a, ajin baya za a mayar da ita.

Abin ya ɗaure mini kai. Kullum bayan la'asar ina tsinkar zogale tana karanto mini wakilan suna, na mallaka da na nuni da na tambaya, ko tuntuɓe ba ta yi. Ni Faransanci na karanta, amma ai ina da kunne.

Washegari na hau mashin, muka ratsa rabin garin Garwa cikin rana har makarantar.

"A takarda ta iya," in ji Madam. "A aji ne take taurin kai. Tsaya ki gani."

Ta kira Zuwaira gaban allo. Ashe gwajin nasu, malama ta faɗi kalma, yaro ya nuna da yatsa. Ta ce "this", Zuwaira ta nuna benci. Ta ce "she", ta nuna Nadine ƙawarta. Da ta ce "you", tana jiran a nuna ta, sai yarinya ta ɓoye hannu a baya, ta sunkuyar da kai.

"Kin gani? Sati uku kenan!"

Na ji kamar in ɗora hannu a ka. "Madam, ni na hana ta. Da kaina na buge hannun nan ranar da ta nuna kakarta da yatsa a gidan suna. A wurinmu ba a nuna babba."

"Nan makaranta ce, ba gida ba."

"Yatsan ai ɗaya ne, da shi take zuwa, da shi take komowa. Sati uku, ba wanda ya tambaye ta dalili?"

Na juya wurin Zuwaira. "Ke kuma, baki ciwo yake miki? Buɗe tafin hannunki duka ki nuna ta da shi, kamar za ki miƙa wa baƙo ruwa."

Madam ta ja tsaki, amma ta sake gwadawa. Kalma bakwai, Zuwaira ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

"To, ta zauna a ajina. Sifilin dai sun riga sun tafi wurin darakta, shugaban makaranta."

Na gyara mayafina. "Wace ƙofa ce tasa?"