Ginshiƙin Mai Nasara Magini

Ramlatu ta sauke akwatin daga bayan kabu-kabu da hannunta, don ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba. A ciki akwai madubin hangen taurari da kyamara, da wani kan ƙarfe mai ɗan inji da ke juyawa a hankali yana bin tafiyar sama. Kimiyya take koyarwa a Damagaram, amma fitilun gari sun cinye mata taurari, shi ya sa ta zaɓi bayan gidansu na Mirriya. Ta aika wa Yakuba magini zane a takarda: ginshiƙin siminti mai ƙusoshi uku, da kibiya mai nuna inda goshinsa zai kalla.

Inna Rabi ta tare ta a zaure, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ba fa Yakuba ne ya yi aikin ba. Babanki ya ƙwace takardar. Ya ce yana raye ba za a kawo yaronsa na jiya ya yi masa gini a gida ba."

Babanta, Mai Nasara magini, mutumin da ya ɗora masallatai goma sha ɗaya tsakanin Mirriya da Dakusa, shekara biyu ke nan daga gaisuwa ba ya ƙara mata komi. Tun ranar da ya ji tana leƙen taurari ya ce shi bai haifi 'yar duba ba. Dattijo ne da in ya ce a'a, ko shi kansa ba ya iya lallashin kansa.

Ta same shi a bayan gida, tsaye jikin ginshiƙin, hannuwa a baya. Aiki dai ya yi kyau har ya so ya yi yawa. Ya goge shi sumul, ya yi masa zanen dagi irin na ƙofar manyan gidajen Birnin Damagaram.

"Kwana tara ina ba shi ruwa," ya ce, yana kallon wani wuri. "Ɗora mu gani."

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta buɗe akwatin. Kan ƙarfen ya zauna a kan ƙusoshin daram. Ta ɗaura madubin, ta murɗa kyamarar a gindinsa, ta yi ta matsar da dunƙulen ƙarfen da ke ɗaya gefen har nauyi ya daidaita, yatsa ɗaya ma na iya juya shi. Sai da ta ɗaga kai za ta saita shi ta ga inuwarta ta miƙe a gabanta, ranar la'asar tana dukan ƙeyarta. Goshin ginshiƙin gabas yake kallo.

Injin kuwa ba ya aiki sai ƙashin bayansa ya nuna tauraron arewa. In ba haka ba, kowane tauraro zai fito a hoto kamar an ja alli a bango. Ta sauke kan, ta juya shi, ta gwada sauran zama biyu da ƙusoshin suka yarda da su. Babu wanda ya faɗa arewa.

"Alƙibla ce cif," in ji Mai Nasara. "Na ga kibiyar taki. Ko liman ya zo da na'urarsa ba zai samu gyara ba."

Tausayinsa ya kama ta, da tsoro. Ta san wannan ginshiƙi shi ne duk ban-haƙurin da bakinsa ya kasa furtawa. Tana iya cewa madalla, ta kwashe kayanta ta ce hadari ne ya hana hoto. Amma shi da ke gane karkatar bango daga kan jaki, yaushe za a ɓoye masa?

"Me ya faru? Na ga kina ta juyi kamar mai neman allura."

"Baba, laifina ne, ban rubuta a takardar ba. Arewa kibiyar take nufi."

Ya dubi ginshiƙin, ya dube ta. Ya juya ya shige gida.

Ramlatu ta zauna a kan akwatin. Shi ke nan, ta ce a ranta, an koma gidan jiya. Ta fara kwance kyamarar a hankali, idonta ya ciko, tana jin awaki na dawowa daga kiwo.

Ƙarar ƙarfe ce ta sa ta waiwaya. Ga shi nan tafe, ya tuɓe babbar riga, guduma a hannu ɗaya, kurfin fasa siminti da igiyar awo a ɗayan.

"Rufe kayanki kar ƙura ta shiga," ya ce. "Saman kawai zan fasa, zanen bai yi laifin komi ba."

Ya miƙa mata bakin igiyar.

"Shekara arba'in da biyar ban taɓa tambayar kowa inda gini zai kalla ba. To, ja. Ina arewar taki take?"