Shaidar Kilomita Takwas

Autanmu yana da bajo shida a hannun rigarsa ta sikawut. Saura ɗaya a ɗaga shi zuwa aji na gaba, a canza masa ƙyallen wuya daga rawaya zuwa kore. Wannan ɗayan na tafiyar kilomita takwas ne a ƙasa, shi kuwa tun yana shekara uku da ƙarfe a ƙafar hagu yake takawa.

Malam, shugaban rukuninsu, ya ce za a yafe masa tafiyar. Na ce ba sadaka muka zo nema ba. Daga ranar ko gaisuwa ban ƙara tsayawa mun yi ba.

Wata uku muna gwaji a titin bayan asibiti. Ran Lahadin da muka yi ta gaske, awa huɗu da rabi muka ɗauka. Ƙarfen ya ci masa fata a bayan gwiwa har safa ta manne da ciwon.

"Yaya, kin gaji ne? In goya ki?"

"Tafi can, mai bakin tsiya."

Da muka iso na sa hannu a takardar shaida, na rubuta lokaci har da mintoci.

Ofishin Malam wani ɗan ɗaki ne a bayan makaranta, an tokare ƙafar teburinsa da bulo. Da ni da Auta muka kai masa takardar, ya daɗe yana kallonta.

"Ke kika sa hannu?"

"Ni ce. Littafin dokokinku ya ce babban mutum mai ilimi ne zai zama shaida, ni kuwa malamar makaranta ce."

"Kin juya shafin?"

Ya ɗauko littafin ya juya mini. Layi ɗaya ne: ɗan'uwa ba ya zama shaida.

"Da kin tambaye ni, da na bi ku a keke," in ji shi. "Juma'a zan tura sunaye. Tayina na farko yana nan."

Nas ɗin da ta duba ciwon ta riga ta ce ƙafar sai ta huta mako uku. Na buɗe baki zan ce mun karɓa, Auta ya riga ni.

"Na riga na yi tafiyar, Malam. Me za a yafe mini?"

Ran Asabar aka ɗaura wa abokansa tara koren ƙyalle. Shi yana layin ƙanana, ya fi kowa tsawo a cikinsu, yana tafa wa kowane suna. Sai baɗi kuma za a sake ɗaga wani. Da muka kai ƙofar gida ya juyo ya tambaye ni.

"Idan ciwon ya warke, wa zai bi mu ya zama shaida?"

Ran Litinin bayan tashi daga aiki na je ofishin Malam don in roƙe shi ya bi mu. Yana cikin rubutu, bai ɗago ba, bai ce in zauna ba. Na rungume jakata na tsaya a bakin ƙofa har ya gama shafin, ya juya wani.